Allurar da Jatau Ya Yi wa Almeti

Ma'u ta sauka daga motar Kore Mairuwa da la'asar, ƙullin tsarabar suna a kanta. Ƙanwarta ce ta haihu, ta je ta yi mata 'yan kwanaki. Tun daga bakin zaure ta ji ba daidai ba, don Almeti ba ta tarye ta ba.

Almeti kyanwa ce, toka-toka mai farin wuya. Zalihatu, ɗiyar Ma'u, ita ta tsinto ta bayan wani kanti tana 'yar mitsitsiya, siririya kamar tsinken ashana, shi ya sa aka laƙaba mata Almeti, wato ashana. Da Zalihatu ta tafi lakwal, makarantar boko, a Yamai, sai ta bar ta hannun uwarta. Sana'ar Ma'u man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma tun da kyanwar ta girma ɓera bai sake huda mata buhu ba. Amma abin ya wuce maganar ɓera. In Ma'u na tuya, Almeti na gefen murhu. In ta kwanta zazzaɓi, tana bisa ƙafafunta.

Iya, uwar mijinta Jatau, tana gindin dogon yaro tana ɓarar gyaɗa. Suka gaisa, Iya ta tambayi mai jego da jinjiri, ta yi ta jan gaisuwar ba ta ɗaga kai ba.

"Iya, ina mussata?"

"Tana ɗakin buhuna. Ki sha ruwa tukuna."

Ma'u ba ta sha ba. Ta same ta bayan buhuna, kwance a gefe guda, cikin nan nata da ya fara nauyi yana hawa yana sauka da sauri. A cinyarta ta dama an aske gashi, an shafa shuɗin maganin da ake shafa wa shanu, wurin ya kumbura kamar ƙwan zabuwa. Da Ma'u ta kai hannu, kyanwar ta yi wani siririn kuka ta ja jiki.

Ta fito ta tsaya kan Iya. Tsohuwar ta aje ƙwarya, ta ba ta labari a taƙaice, tana yi tana sassautawa.

Rabin labarin Ma'u ta riga ta sani, kamar kowa a Dogon Dutsi. A bazarar nan, ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba, mahaukacin kare ya ciji wani mai jan ruwa a rijiyar gindin dutse. Mutumin ya mutu a ɗaure, yana gudun ruwan da ya yi rayuwarsa yana ja. Sabon kwamanda mai mulkin gari ya ba gardawa, 'yan sandansa, umarnin harbe duk karen da ba shi da ubangida, masu ubangida kuma a kawo su a yi musu allurar rigakafi. Magani ya iso daga Yamai cikin akwatin ƙanƙara. Sai dai babu wanda ya kawo kare. Maharba suka haye da nasu cikin duwatsu, aka baza cewa allurar tana kashe hancin kare, ba ya ƙara bin sawun ko zomo.

Abin da Ma'u ba ta sani ba shi ne abin da ya faru ranar kasuwa, tana can Kore Mairuwa. Jatau ya daɗe yana yi wa shanu allura a biron dabbobi, wato ofishinsu, tun zamanin Nasara. Ran nan ya kafa tebur a bakin kasuwa tun hantsi, shugabansa ya tafi Doso, rana ta take babu kare ko ɗaya, mutane sun kewaye shi suna dariya. Wani mahauci ya ce masa in maganin na ƙwarai ne ya fara da na gidansa. Jatau ba shi da kare. Sai ya hau keke ya zo gida, ya jefa Almeti cikin buhu, ya koma ya yi mata allurar a gaban jama'a.

"Na ce mashi ya jira ki," in ji Iya. "Ya ce aikin gwamnati ba ya jira."

Jatau ya dawo gab da magariba. Ma'u na tsaye tsakar gida, ko kayan tafiya ba ta tuɓe ba.

"Maigida, wa ya ba ka Almeti?"

"Ki bari in jingine keke."

"Jingine. Wa ya ba ka ita?"

"Gidana ne, Ma'u. Mussar gidana ce."

"Ka taɓa zuba mata ruwa a kasko? Ka san abin da take ci?"

Ya cire hularsa ya karkaɗe ta a gwiwa. Ya ce kumburi ne kawai, shanu ma suna yi, zai faɗa. Ya ce bayan ya yi mata, kafin la'asar sai ga maharba da karnukansu a igiya, har magani ya kusa ƙarewa. Ya ce da ta ga yadda mai jan ruwan nan ya mutu, da ba ta tsaya tana yi masa shari'a kan kyanwa ba.

"Na ji yadda ya mutu, ni na kai ma matarsa hura. Maganin nan, na kare ne ko na mussa?"

"Hauka ɗaya ce, magani ɗaya ne."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Ka taɓa yi ma wata mussa kafin ita?"

"A'a."

"Ka san tana da ciki?"

Ya ce bai duba ba.

"Ba ka duba ba," Ma'u ta maimaita a hankali. "Kai da ba ka soka ma saniyar Bafillace allura sai ka shafa cikinta, ka buɗe bakinta, ka tambayi mai ita. Tawa ce kaɗai ba ta da mai ita."

Iya ta ce a yi haƙuri, ana kiran salla. Jatau ya ɗauki buta. Ma'u ta shiga ɗakin buhuna ta jawo ƙofa, ranar Iya ce ta kai masa tuwo.

Kwana kaɗan bayan haka Almeti ta zubar da cikin. Ma'u ta tarar da 'ya'yan a kan tsumma, ba su gama halitta ba, ta naɗe su ta binne a bayan rumbu ba ta gaya wa kowa ba. Daga nan kumburin ya fara faɗawa. Kyanwar ta tashi, ta lashi nono, har wata safiya ta kama ƙadangare. Jatau ya gan ta ya ce, "To, ga ta nan," da muryar wanda ya ci shari'a. Ma'u a ranta ta fara saukowa.

Sai kuma wata rana, wajen mako na biyu, tana tuyar ƙuli-ƙuli ta ga Almeti ta nufo murhu tana jan ƙafar nan ta dama, a miƙe kamar sanda. Washegari ta hagu ma ta bi. Kyanwar na jan rabin jikinta da ƙafafun gaba, tana barin layi a cikin rairayi, in ta gaji ta kwanta ta kalli Ma'u.

Ma'u ba ta jira Jatau ba. Ta shimfiɗa zane a kwando, ta ɗora ta, ta ɗauka a ka ta ratsa gari zuwa biron dabbobi. Mijinta ya fita ƙauye. Wanda ta tarar shi ne shugabansa, wanda ake ce wa Mushe Ambroise irin kiran Faransawa, matashi ne da ya yi karatun likitan dabbobi a Bamako, Kirista daga unguwar mishan. Uwarsa wajen Ma'u take sayen mai, don haka ya san ta.

Ta sauke kwandon bisa teburinsa, ta yaye zanen. Ya duba ƙafafun bai taɓa ba, ya ga shuɗin da ya rage a cinya, fuskarsa ta canza.

"Inna, ta cije ki? Ta yakushe ki, ko wani a gida?"

"Almeti ba ta cizo."

"Ki nuna mani hannuwanki."

Ta miƙa masa, ya juya su ciki da baya, ya duba har tsakanin yatsu. Sannan ya mai da zanen, ya ɗaure bakin kwandon da igiya, ya ce ta zauna. Ta ce a tsaye za ta ji.

Bai ɓoye mata ba. Ya ce maganin nan yana da rai a cikinsa, ciwon ne da kansa aka rage wa ƙarfi daidai jikin kare. Jikin kare yana danne shi, ya koyi yaƙi da shi. Na kyanwa wani lokaci ba ya iyawa, sai ciwon da ake son tsare ta daga gare shi ya kama ta, ya faro daga ƙafar da aka soka ya yi ta hawa.

"Ke nan haukan kunka sa mata."

"Ban ce ya tabbata ba. Amma alamun sun yi kama."

"Jatau ya san haka?"

Ambroise ya shafa goshi. "Na faɗa masu maganin na kare ne. Ban ce kar a yi ma mussa ba, don ban zaci wani zai yi ba. Da na dawo daga Doso anka ba ni labari, na yi mashi faɗa. Na yi fatan za ta tsira."

"Tun yaushe ka ji?"

"Tun ran da na dawo."

"Ka ji tun ran nan, ka san abin da zai iya biyowa, tana kwana bisa ƙafafuna, ba ka aiko ko da uwarka ta ce mani in yi hattara ba."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce gaskiyarta, ya kamata ya zo. Ya ce yanzu abin yi shi ne a kulle ta a wurin da ba za ta kai ga kowa ba, kada a taɓa ta da hannu, kada yawunta ya taɓa mutum. In ciwon ya tsaya a ƙafafu, to. In ya hau wuya, dole a kashe ta a aika kanta Yamai a duba.

Ta ɗauki kwandon. Har ta kai ƙofa ya sake magana.

"Inna, ina roƙon abu guda. Allurar shanu ta annobar bushiya za ta fara ƙarshen wata. In maganar nan ta kai rugage, ba za su kawo ba, kuma kin san abin da bushiya ke yi ma garke."

Ma'u ta juyo da kwandon a kanta. "Gaban kasuwa anka yi mata, Mushe. Yanzu na ratso kasuwa da ita. Bakin wa zan rufe?"

A gida ta fitar da kaji daga akurki, ta wanke shi, ta sa Almeti ciki ta danne bakin da faifai da dutse. Nono da ludayi mai dogon hannu take zura mata ta wata 'yar kafa. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Kyanwar ta saba in ta ji ciwo a ɗauke ta, yanzu tana jin muryar Ma'u a waje, tana kuka, tana turo hanci ta kafar, Ma'u na durƙushe taku ɗaya daga gare ta hannuwanta a ƙirji. Ta kan yi mata magana har man da ke kan wuta ya ƙone.

Maganar kuwa ta riga ta fita. Masu tallar nono suka kai ta rugage, kafin ta isa can ta zama cewa allurar gwamnati ta shanye ƙafafun kyanwar mai allura da kansa. Aka ji wasu makiyaya sun fara kora shanu gabas, za su tsallaka iyaka har sai masu allura sun wuce. Kwamanda ya kira Ambroise, Ambroise ya kira Jatau.

Ran nan da azahar Jatau ya dawo ya tarar da ita gaban akurki. Ya tsuguna nesa kaɗan, abin da bai saba ba.

"Ma'u, kin san gardawa sun zuba nama mai guba bayan gari saboda karnuka."

"Na sani."

"Mussa na yawo. Tana iya cin irin wannan."

Ta ɗago ta dube shi.

"In mata sunka tambaye ki wajen sayen mai, in kin ce guba ta ci, ke za a yarda da ke. Ba don ni ba. Shanun mutane ne za su mutu."

"Guba tana aske cinya? Tana shafa shuɗi?"

"Ba wanda zai tuna."

"Ni ina tunawa. Ka ɗauke ta a buhu ba ka tambaye ni ba, ka kashe mata ɗiya, ka karya mata ƙafafu, yanzu kuma ka zo aron bakina. Mi ya rage a gidan ga da ba na biro ba?"

Iya ta fito daga ɗaki tana dogara bango. Ta ce, "Ma'u, mijinki ne. Aikin nan shi ke ciyar da mu duka. Dabba ce fa, Allah na ba ki wata."

"Iya, ban taɓa mai da maki magana ba, yau ma ba zan mayar ba. Amma ƙarya ba zan yi ba."

"To ki yi shiru," in ji Jatau.

"Wanda bai tambaye ni ba, ba zan bi shi gida in faɗa mashi ba. Wanda ya tambaye ni zai ji."

Ya miƙe ya ce ita ce za ta raba shi da aikinsa. Ta ce shi ya raba kansa, ran da dariyar mahauci ta fi masa zafi a kan komai. Ya ɗaga murya, ta ɗaga tata, har makwabta suka leƙo ta kan danga. Shekarunsu da yawa tare, ba a taɓa jin su haka ba.

Ciwon bai tsaya a ƙafafu ba. Almeti ta daina lasar nono, muryarta ta dushe ta koma wata iri, yawu ya fara jiƙa mata farin wuyan. Wata safiya Ma'u ta zura ludayi, kyanwar ta kama shi da haƙora ta ƙi saki, idanunta a buɗe ba su gane kowa. Ma'u ta saki ludayin ta zauna a ƙasa.

Ta aika aka kira Ambroise. Ya zo tare da Jatau da wani gardi mai bindiga. Ya leƙa ta kafar, ya miƙe, ya ce lokaci ya yi. Gardin ya fara kwance bindiga daga kafaɗa.

"Ba shi ba," in ji Ma'u. "Bawan Allah wanga bai yi mata komi ba. Wanda ya fara shi zai ƙarasa."

Jatau ya dubi shugabansa, Ambroise ya kau da kai. Ya dubi uwarsa, ta shige ɗaki. Ya karɓi safar hannu ta fata da buhu mai kauri, suka ɗauki akurkin shi da gardin suka fita da shi bayan gida. Ma'u ba ta bi su ba, ba ta kuma toshe kunne ba. Tana tsaye inda take har aka gama. Da Jatau ya dawo ya daɗe yana wanke hannu da sabulu, idanunsa jajaye. Ya zo kusa da ita kamar zai yi magana, ta ce ya ƙone akurkin da ludayin, ya binne abin da aka bar mata na gawar da zurfi, kada kare ya tono.

Bayan kwana biyu Mahaman ya yi sallama a zaure. Dattijo ne makiyayi da ke da ruga a hanyar Dogon Kiriya, matarsa ke kawo wa Ma'u nono. Ma'u tana da karsana guda a cikin garkensa, wadda ta saya da ribar mai, shi yake kiwata mata. Ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo ruwa. Ya jingine sandarsa, ya yi mata jaje kamar yadda ake yi wa wanda ya yi rashi, bai yi murmushi ba. Shi ne mutum na farko da ya yi mata haka, sai da ta juya baya ta share ido.

"Uwar Zalihatu, ba ni kaɗai na zo ba, ko da kin gan ni ni ɗaya. Mutanen rugage sunka aiko ni. Wasu na cewa guba ta ci, wasu na cewa allura. Munka ce ke za a tambaya."

"Allura ce."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Maganin kare ne anka yi ma mussa mai ciki, da allurar da ta fi ƙarfinta. Mijina ya yi, don mutane na yi mashi dariya. Shugabansa ya sani bai yi magana da wuri ba. Duk wanda ya ce maka guba, ƙarya yake."

"To na shanun fa?"

"Ban san abin da ke cikin kwalba ba, Baffa, ban yi lakwal ba. Mushe ya ce wani magani ne dabam, wanda anka yi don shanu. Shekara da shekaru mijina na yin na shanu, kai ka fi ni sanin ko sun mutu."

"Wasu kan yi zazzaɓi. Ba su mutu ba." Ya murza gemu. "Na ga bushiya ina yaro. Ubana ya fita da garke ya dawo da sanda. Amma mutumin da ya yi ma ta gidansa haka, yaya zan miƙa mashi nawa?"

"Wannan kai za ka yanke. Ba zan wanke shi ba."

"Karsanarki fa? In kai ta, ko in ware ta?"

Ran Ma'u na gaya mata ta ce a ware, ko don Jatau ya ji a bakin duniya cewa matarsa ma ta ƙi. Ta ji daɗin tunanin har cikin ƙirjinta. Amma ta tuna karsanar, ja mai farin goshi, wadda ba ta da laifin komai.

"Ka kai ta," ta ce da haushi. "Amma ka tsaya kanta. Ka sa Mushe Ambroise ya ɗauko kwalbar da hannunsa ya faɗa maka gaban mutane ta mi ce. In tana da ciki, ka tambaya ko ana yi ma mai ciki. In sunka yi maka tsawa, ka kora ta gida."

Mahaman ya ɗauki sandarsa ya tafi da maganar yadda ta faɗe ta, bai rage ba.

Da ranar ta zo, wasu rugagen sun riga sun tsallaka iyaka, ba a sake ganinsu ba sai da damina. Mahaman da waɗanda suka saurare shi suka kawo nasu. An ce sun tsayar da aiki tun safe har hantsi suna tambaya, Ambroise na tsaye bisa shinge da kwalba a hannu yana amsawa cikin Hausa da guntun Fillanci, gumi na zuba. Sun kuma ce ba Jatau zai soka ba. Aka ba wani allurar, shi aka sa shi riƙe igiya da yanke kunnen waɗanda aka gama don shaida. Ma'u ba ta je ba. Matar Mahaman ce ta ba ta labari da ta kawo nono.

Kwamanda bai kori Jatau ba, amma ya ce a mai da shi ƙaramin wurin aiki na Dogon Kiriya, inda babu kowa sai shi da ɗaki guda. Jatau ya gaya wa Ma'u ta shirya kaya. Ta ce gyaɗarta na nan, masu sayen manta na nan, Iya kuma ba ta iya tafiyar mota. Duk gaskiya ne, kuma dukansu sun san ba shi ne dalili ba.

Ta daka masa dakuwa, ta cika masa kwalba da mai, ta ƙulle ƙuli-ƙuli a tsumma. Da safe ta raka shi tasha, ta tsaya har aka ɗaure kekensa bisa kaya. Direba ya ce a hau. Jatau ya sa ƙafa a taya, sai ya sauko ya dawo wurinta.

"Na yi kuskure, Ma'u. Ki yafe mani."

Ta dube shi. Ya rame a 'yan makonnin nan, furfurar gemunsa ta ƙaru. Ta san da gaske yake.

"Ba yanzu ba," ta ce. "In anka yi girbi ka zo mu yi magana. Hau, suna jiranka."

Ya hau. Ba ta tsaya ganin tashin motar ba. A hanyar gida wata makwabciya, Kubra, ta tare ta ta ce kyanwarta ta haihu, in sun buɗe ido za ta kawo mata guda. Ma'u ta yi godiya ta ce ta bari tukuna.

Ta tarar da Iya ta hura wuta ta ɗora kasko, abin da tsohuwar ta daɗe ba ta yi ba saboda ciwon baya. Ba su yi maganar tasha ba. Iya ta ce mata gobe kasuwa, man da ke ƙasa ba zai isa ba. Ma'u ta ɗaura zani a ƙugu, ta jawo turmi, ta ce a miƙo mata gyaɗar.